Gwangwanin Makullan Yaya

Duk wanda zai bar ƙauyenmu sai ya bi ta ƙofar Yaya. Ba wai don ta fi kowa daɗin baki ba, a'a, harshenta ya fi reza kaifi. Gidanta ne na ƙarshe kafin bakin titi inda mota ke tsayawa, kuma kowa ya san ko allura ka ba ta ajiya, bayan shekara goma za ka same ta ba ta yi tsatsa ba. Mutum zai garƙame ɗakinsa da kwaɗo, ya saɓa jaka, ya tsaya a ƙofarta ya ce, "Ga makulli, sai Allah ya yi mana dawowa." Ita kuwa ba ta iya rubutu ba, ko sunanta ba za ta gane a takarda ba. Sai ta ɗauko almakashi ta ce, "Juyo." Ta yanki ɗan ƙyalle daga bakin rigarka ko haɓar zaninki, ta ɗaure a jikin makullin, ta jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara. Mai wanki ce, ta shekara talatin tana cuɗa tufafin mutanen garin, don haka babu rigar da ba ta san mai ita ba.

Ni ƙanenta ne. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta dake ni, ita ta yi mini aure. Ranar da ni ma na kawo mata nawa makullin, sabuwar riga ce a jikina, fil, wadda na ɗinka musamman don shiga birni. Kafin in ce wani abu na ji ƙyas! ta datse gefen.

Na ce, "Haba Yaya! Sabuwa ce fa!"

Ta ce, "Wanda zai je cin duniya, ɗan ƙyalle ne zai dame shi? Wuce, mota za ta tashi."

Duniyar da na je ci kuwa, baro na tura a kasuwa shekara bakwai. Tun daga nan ta laƙaba mini Mai Baro, har yau sunan bai sake ni ba. A shekarun nan gwangwanin ya yi ta nauyi, sai da makullai suka kai talatin da ɗaya. Ƙauyen da bai cika gida ɗari ba, ka ce ƙofa talatin da ɗaya a rufe, ai an cinye shi. Tsofaffi da awaki kawai aka bari. A cikin makullan nan har da na ɗanta guda ɗaya tilo, wanda muke kira Dogo. Ya tafi shekarar da mahaifinsa ya rasu, yana dako a wata tashar manyan motoci. In ta ce ya dawo sai ya ce, "Inna, in dawo in ci me? Dutse?"

To, dutsen ne kuwa ya zo ya ciyar da mu. A bayan ƙauyenmu akwai wani dutse da ruwa ke zubowa daga kansa ya taru a ƙasa. Mu dai wurin wanki da shayar da dabbobi muka ɗauke shi. Sai ga mutanen ofishin yawon buɗe ido sun zo, suka ɗaga kai suna ta "kai! kai!" Aka yi yarjejeniya. Za su taimaka mu gina masauki mai ɗaki shida, mu da kanmu mu riƙe shi, shekara biyar. In wa'adin ya cika za a turo a auna, a ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In mutanen gari sun amfana, wuri ya ci gaba da zama a hannunmu. In ba su amfana ba, a miƙa wa wani kamfani da ya daɗe yana lasar baki, mai zuwa da ma'aikatansa, da mai dafa abincinsa, da katangarsa.

Aka kafa kwamiti, aka ɗora tsohon Hedimasta a kai, mutumin da ko ashana ya saya sai ya rubuta. Mata suka raba girki mako-mako. Masu kaji suka sami masu sayen ƙwai. Baba Tela ya ɗinka labulaye, daga baya ya koma ɗinka jakunkunan da baƙi ke saye. Yaya ta karɓi wankin zannuwan gado, kuma wallahi ban taɓa ganin wanda ya ɗauki zanin gado da muhimmanci irinta ba. Da hantsi za ka same ta a bayan masauki, baho uku a jere, na jiƙo, na cuɗa, na ɗauraya, hannayenta duk sun tsattsage da sabulu. In ta shanya sai ta ja da baya ta ƙanƙance ido tana neman tabo. Wata baƙuwa ta taɓa goge takalmi da tawul, Yaya ta bi ta har bakin mota da tawul ɗin a hannu. Da ƙyar Hedimasta ya shiga tsakani.

A shekara ta biyu ta aiko mini da saƙo ta bakin direba: "Ka gaya wa Mai Baro, mutane na biyan kuɗi a kai su inda yake kiwon awaki kyauta yana yaro." Na dawo. Na zama mai yi wa baƙi jagora, in hau da su dutse, in sauko da su lafiya. Ranar da na je karɓar makullina, ta kwance ƙyallen ta mayar cikin gwangwani, ta miƙo mini makullin tsirara.

Na ce, "Ƙyallen fa?"

Ta ce, "Nawa ne. Ni na yanka."

Haka ta yi wa kowa. Mai makulli ya karɓi abinsa, ƙyalle ya zauna.

Shekara biyar ta cika, aka ce wata Malama za ta zo daga ofis da takardun tambayoyi, za ta shiga gida arba'in. A nan ne muka tafka wautar da har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Mu fa mun san masu takarda. Shekarun baya an taɓa zuwa ana tambaya gida-gida, wa ke da akuya, wa ke da rediyo. Waɗanda suka faɗi gaskiya aka tsallake su, waɗanda suka yi kukan babu aka kawo musu taki da buhunan iri. Baba Tela yana cikin waɗanda aka tsallake, saboda ya nuna kekensa na ɗinki yana washe baki. Bai taɓa yafe wa kansa ba. Saboda haka ana gobe Malama za ta zo, ya tara mu a gindin bishiyar ƙofar shagonsa.

Ya ce, "Jama'a, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai takarda ba ya ƙara wa mai shi, marar shi yake ba. In kuka ce kun samu, sai su ce to madalla, su naɗe tabarmarsu. In kuka ce har yanzu da saura, sai su ƙaro ɗaki shida. Kowa ya san abin yi."

Muka ce Baba Tela ya yi magana. Ni da bakina na ce, "Tsohon nan akwai kai!"

Washegari ƙauyenmu ya talauce kafin rana ta fito. Na tura babur ɗina bayan banɗaki na lulluɓe shi da kara. Matata ta cire 'yan kunne. Masu farantin sola suka hau rufi suka sauke. Wata mai sayar da ƙwai ta kora kajinta gidan surukarta da ke bayan rafi. Baba Tela ya kai sabon kekensa ƙarƙashin gado ya fito da tsohon da ya mutu tun tuni. Yara ma aka sa musu tsummokara aka ce in an tambaye su ko sun karya, su dubi ƙasa. Malama ta iso, yarinya ce siririya mai tabarau, ga ladabi, duk gidan da ta shiga sai ta tuɓe takalmi. Da ta zo gidana, ta zauna a kan tabarmata ta ce, "Kawu, tun da aka buɗe masauki, rayuwarku ta ƙaru, ta ragu, ko tana nan yadda take?"

Na yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka yi wa rasuwa, na ce, "Malama, sai dai godiyar Allah." Ta ce wanne za ta rubuta. Na ce ta rubuta ta ragu.

Gida ɗaya ne ya ƙi. Da aka je wa Yaya da shawarar Baba Tela, cewa ta yi, "Ni da girmana in ɓoye bahona? Na sata ne?" Malama ta same ta tana guga, Yaya ta faɗa mata ta yi rufin kwano, ta sayi tumaki biyu, tana cin abinci sau uku, in ta ga dama huɗu. Da yamma mutane suka yi ta gulmarta, wai ta toshe wa kanta hanyar arziki. Ni ma na je na yi mata faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mai Baro, ka je ka fito da babur ɗinka kafin gara ta cinye kujerar."

Bayan wata guda takarda ta iso. Hedimasta ya tara mu a barandar masauki, ya sa tabarau, ya fara karantawa da murya mai ƙarfi, can sai ya rage murya. Gida talatin da tara cikin arba'in sun ce ba su ga canji ba, ko ma abin ya ƙara lalacewa. Amma littafin masauki ya nuna baƙi suna zuwa, kuɗi suna shiga. Saboda haka ofis ya fahimci cewa amfanin yana maƙalewa a hannun 'yan kwamiti, ba ya isa gidaje. Nan da mako uku za a zauna a yanke hukuncin miƙa wurin ga kamfani.

Hedimasta ya cire tabarau ya ninke takardar. Dattijon da bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba, mu da bakinmu muka mayar da shi ɓarawo. Bai zagi kowa ba, cewa kawai ya yi, "Na gode," ya zauna. Wallahi da ya zage mu da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Garin neman gira mun rasa ido. Baba Tela ya fara cewa ai a wancan karon ba haka aka yi ba, Yaya ta katse shi.

Ta ce, "Baba, rufe mana baki haka nan. Ka auna rigar bana da ma'aunin bara." Ta juyo kaina. "Kai kuma gobe ka wanke babur ɗin da ba ka da shi, za ka kai ni bakin titi. Ofis za mu."

Na ce, "Yaya, me za ki je ki ce musu? Ko fom ba ki iya riƙewa daidai ba."

Ta ce, "Su suka iya fom. Ni na san garin."

Na san abin da ke cin ta, ko da ba ta faɗa ba. In kamfani ya karɓa, mu masu jagora da masu girki da masu ƙwai duk za mu sake saɓa jaka, gwangwani ya sake cika. Dogo kuma, da ta yi shekara biyar tana lallaɓa shi a waya tana ce masa gari ya canja, shi ke nan ya sami hujja.

Ofishin yana hawa na biyu. Yaya ba ta taɓa hawa bene ba, ta riƙe ƙarfen matakala da hannu ɗaya, ɗayan ya rungume gwangwani a cikin mayafi. Muka zauna a benci tun safe har azahar, masinja yana ta ce mana Malama tana taro. Da na ce mu tafi mu dawo, Yaya ta ce ita wanki ya koya mata jira, zanin gado ba ya bushewa don kana sauri. Can Malama ta fito ta gan mu, ta gane Yaya nan take, ta shigar da mu wani ɗan ɗaki mai tebur cike da fayil da fanka mai ƙara.

Ni na fara magana, na zayyana mata komai, har babur da kara. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba, ranta ne ya ɓaci.

Ta ce, "Kawu, kwana huɗu na yi a garinku ina tausayinku. Na koma gida na kasa cin abinci saboda yaran nan. Ashe wasa kuka yi da hankalina."

Na sunkuyar da kai. Yaya ta ce, "Sun yi, 'yata. Ki dawo ki sake tambaya."

Malama ta girgiza kai. "Mama, ko na dawo, wa zai yarda? Mutanen da suka ɓoye babur jiya, gobe za su iya aro mota su ajiye a ƙofar gida. Shugabana zai ce an gaya musu amsar da ake so ne. Sai in da abin da ba a iya ɓoyewa, ba a kuma iya arowa."

Yaya ta buɗe mayafi ta ɗora gwangwanin a kan fayil-fayil ɗin, ta cire murfi, ta juye. Makullai suka zubo da ƙara, ƙyallaye suka biyo baya, ja, shuɗi, mai ratsi, mai fure, duk sun koɗe. Ta ware su gida biyu da yatsa. Makullai tara, kowanne da ƙyallensa a ɗaure. Ƙyallaye ashirin da biyu, su kaɗai ba makulli.

Ta ce, "Waɗannan tara har yanzu suna waje. Waɗannan kuma sun dawo sun buɗe ƙofarsu. Ranar da aka sa tubalin farko na masauki, talatin da ɗaya ne a nan, duk da makullansu. Ana aron akuya, 'yata, ana aron mota. Ki gaya mini inda ake aron mutum ya zo ya zauna a ɗakin ubansa shekara uku."

Malama ta matso kusa da teburin. Ta ɗauki ƙyalle ɗaya ta juya shi. Sannan ta ce a fom ɗinsu akwai tambayar mutum nawa ne a gida, amma babu tambayar wa ya tafi, wa ya dawo. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba. Za ta zo rana ɗaya, ba za ta faɗi ranar ba, kuma ita za ta zaɓi ƙyallen da hannunta, ba Yaya ba.

Yaya ta ce, "Ko ido rufe ki zaɓa."

Kwana tara muna zuba ido. A kwanakin nan Yaya ta bi gida talatin da tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, bayan ta gama wanki, ƙafarta na ciwo. Ba roƙo ta je yi ba. Cewa take, "Abin da kake da shi, bar shi inda yake. Abin da ba ka da shi, kada ka nemo. Wanda ya ƙara ko cokali, ni zan tona shi." Wani maƙwabcinmu ya ce zai karɓo talabijin daga wurin ƙaninsa don a ƙara armashi, ta ce in ta ga talabijin ɗin, a kansa za ta fasa shi. Ta kuma sa Baba Tela ya je har gida ya ba Hedimasta haƙuri.

Ranar Talata da hantsi sai ga Malama ta sauka daga motar haya, ita kaɗai da jakarta. Ta sami Yaya a bakin baho. Yaya ta ɗauraye hannu, ta aika aka ɗauko gwangwani, ni kuma na bi su a baya ina riƙe da lema. Malama ta sa hannu ta zaro wani ƙyalle mai ratsin kore.

Yaya ta ce, "Mai gyaran rediyo. Ya tafi shekarar da rijiyar masallaci ta rufta, ya dawo shekara ta uku da buɗe masauki. Yanzu shi ke kula da wutar sola. Mu je."

Muka je. Ga shi a ƙofar ɗaki yana kwance wata fitila, matarsa na shara, kwaɗon na rataye a jikin ƙusa. Malama ta tambaye shi shekarar da ya tafi da wadda ya dawo, ba tare da Yaya ta buɗe baki ba, amsa ta zo ɗaya. Ta sake zaro wani, mai fure. Wannan na wata bazawara ce da ta yi aikatau a birni, yanzu ita ce shugabar masu girki, 'ya'yanta biyu suna makaranta. Ta zaro na uku, sai ga gefen sabuwar rigata. Yaya ta ce, "Wannan na wani maƙaryaci ne mai babur, ga shi nan a bayanki." Ranar ce na fara ganin haƙoran Malama.

Haka muka yi ta yi har rana ta take. Ƙyalle goma sha huɗu ta zaro, ƙofa goma sha huɗu muka tarar a buɗe. Ni har na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Sai kuma Yaya ta fara abin da ban yi zato ba. Aka zaro wani fari, ta ce, "Wannan kada ki sa shi a lissafin masauki. Ciwo ne ya dawo da shi." Aka zaro wani, ta ce wannan ma tsufa ne ya koro shi. Da bakinta ta zare mutum huɗu daga cikin ashirin da biyu.

Da Malama ta tambaya ko akwai abin da masaukin ya ɓata, na yi wuf na ce babu. Yaya ta ce akwai. Ta ce ƙwai ya yi tsada, har mai kaza ba ta iya ba ɗanta. Ta ce mata sun rasa wurin wankansu na saman ruwa, saboda baƙi na hawa can da kyamara. Ta ce ana ɗaukar yara hoto ba a tambayi iyayensu ba, kuma gidajen da ke can ƙarshen gari ba a cika sa su a layin girki ba, su da masaukin sai kallo. Na matsa kusa na ce a hankali, "Yaya, kashe mu za ki yi?"

Ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ƙarya ɗaya ta ishe mu a shekara, Mai Baro."

Malama ta cika shafi uku da rubutu. Da muka dawo ƙofar gidan Yaya, Malama ta ce saura tambaya ɗaya, su waye taran da ba su dawo ba. Ta sa hannu ta ɗauko makulli ɗaya, mai ƙyallen shuɗin yadi irin na rigar makaranta. Na so in yi mata alama ta mayar, amma ta riga ta ɗaga shi.

Yaya ta dubi makullin. Sannan ta nuna ɗakin da ke jikin nata, mai ƙofar langa-langa, kwaɗonsa na sheƙi saboda duk Juma'a sai ta ɗiga masa mai.

Ta ce, "Nawa ne. Ɗana. Shekara takwas."

Malama ta ce, "Allah ya dawo da shi lafiya, Mama." Ta riƙe biro a sama kamar mai neman izini. "In sa shi cikin masu shirin dawowa?"

Yaya ta ce, "Bai ce zai dawo ba. Rubuta tara."

Tausayinta ya kama ni har na juya baya ina gyara lemar da ba abin da ya same ta.

Hukunci ya fito bayan wata biyu. Ba a ba mu wurin dungurungum ba, kuma ba a ba kamfani ba. An ƙara mana shekara uku, da sharaɗin a gyara layin girki, a keɓe wa mata saman ruwa da safe, a kuma sake aunawa daga farko, wannan karon har da tambayar wa ya tafi, wa ya dawo. An rubuta cewa ba a sami kwamiti da laifin komai ba, Hedimasta ya sa aka karanta wannan layin sau biyu. Mutane suka yi ta murna, Baba Tela har yana cewa dama shi ya san gaskiya ita ce gaba. Yaya ba ta zo taron ba, tana da zannuwa goma sha biyu a jiƙe.

Washegari na gan ta a bakin titi tana magana da direba. Ta kwance shuɗin ƙyallen, ta ɗaure shi a bakin zaninta, ta miƙa wa direban makullin. Ta ce, "Ka kai wa Dogo a tasha. Ka ce masa na gaji da ajiya. Shekara uku aka ba mu, in zai zo ya kama, ya zo, ana neman mai ɗauko baƙi daga titi."

Da mota ta tashi na ce, "To, yanzu saura takwas ke nan a gwangwani."

Ta ce, "Tara. Makulli ne ya tafi, ƙofa tana rufe."

Damina ta wuce, aka yi girbi, ba Dogo ba labarinsa. Na daina tambaya don kada in fama mata ciwo. Ita kuwa ba ta fasa ɗiga wa kwaɗon mai ba, ko da yake yanzu ko ta so buɗewa ba ta da abin buɗewa.

Wata safiya na fito zan hau dutse da wasu baƙi uku, muka bi ta ƙofar gidanta. Sai na ga ƙofar langa-langar nan a wangale. Kwaɗo na rataye da makulli a jikinsa, an jingina tsohuwar katifa a bango tana shan rana, ga wasu manyan takalma a bakin ƙofa, ƙura na fitowa daga ciki, wani yana shara yana tari. Na bar baƙin a tsaye na ruga bayan masauki. Tana nan a bakin baho, ta ba ni baya, tana cuɗa zanin gado.

Na ce, "Yaya! Yaya, na ga ƙofa!"

Ba ta juyo ba. Ta matse zanin, ta yarfa shi, ta goge fuskarta da gefen hannu, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce, "Kana da lambar yarinyar nan mai tabarau?"

Na ce ina da ita.

Ta ce, "Kira ta. Ka ce ta gyara takardarta. Takwas."